Lobsta a Waya, Tarwaɗa a Faranti: Yawon Cin Kifi Tsakanin Mafara, Bakura da Kaya

Uwargida, na san kin taɓa cin karo da shi a waya. Wani ƙaton jan ƙwaro ne mai dogayen gashin baki, an kwantar da shi a faranti kamar kunamar da ta ci ta ƙoshi, a gefensa ga yankan lemon tsami ga narkakken man shanu a ɗan kofi. Wata baiwar Allah a Legas ko Abuja ko Dubai ta ɗaura ƙyalle a wuya, ta riƙe ƙarfe mai kama da filaya tana fasa shi tana lumshe ido. Ke kuma kina zaune a tsakar gida kina jiran tuwo ya sulala, kina tunanin wai me suke ji a cikin wannan abu.

Sunansa lobsta. A ruwan gishiri yake rayuwa, can ƙasan teku tsakanin duwatsu, ƙafafunsa 10. Wanda aka fi nunawa a bidiyo, mai manyan hannuwa biyu kamar na ƙaguwa, daga gaɓar Amurka da Kanada yake fitowa, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ya kai girman da za a kai shi kasuwa. Na tekunmu na Afirka ta Yamma ba shi da waɗannan hannuwa, ƙayoyi ne a jikinsa, namansa kusan duk a wutsiya yake. Jan nan da kike gani wuta ce ta ba shi. Da ransa launinsa duhu ne, tsakanin kore da ruwan ƙasa. Da yake namansa ba ya jimirin ajiya, da ransa ake kai shi madafa, har ta kai ƙasar Suwizalan ta kafa doka a 2018 cewa sai an sumar da shi kafin a jefa shi a tafasasshen ruwa.

Sau ɗaya na ci, a Legas, lokacin da aka tura mu wani kwas, kuma ba ni na biya ba. An kai mu gaban wani akwatin gilashi cike da ruwa, aka ce kowa ya nuna nasa, ga su nan an ɗaure musu hannuwa da roba suna hawa kan juna. Da aka kawo, na yi ta fama da ɓawo kamar mai fasa ƙwallon goruba. Naman fari ne, yana da tauri kaɗan da ɗan zaƙi, wani abu tsakanin kifi da ƙirjin kaza. Yana da daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma idan aka tattara abin da ke shiga baki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba, saura ɓawo ne, kuma kuɗin farantin nan guda zai yi wa gida mai 'ya'ya biyar cefanen kwanaki. Wata abokiyar aikina 'yar Gummi ta juya nata sau biyu, ta ce a dawo mata da shinkafa.

Abin da zai ba ki dariya shi ne, a can Amurka an yi zamanin da lobsta abincin talaka ne. Ya yi yawa a bakin teku har ana yin takin gona da shi, ana saƙala shi a ƙugiya don kamun kifi. Sai da aka fara zuba shi a gwangwani, jirgin ƙasa ya fara kai shi biranen da ba su san teku ba, sannan ya zama abin alfahari. Nisa da wahalar samu suka ɗaga shi. Kuma ko ba ki sani ba, danginsa na nan a kicin ɗinki. Kirifish ɗin da kike dakawa ki zuba a miyar agushi ko faten doya ƙananan jatan lande ne da ake busarwa a kudu, irin su Oron ta jihar Akwa Ibom, kuma gida ɗaya suka fito da lobsta. Ta fuskar addini kuwa, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne.

To mu da ke tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000, ina ne namu wurin fita cin daɗin ruwa? Idan kika tambayi mutumin Zamfara ta yamma, amsa ɗaya zai ba ki: Bakolori.

Daga Gusau za ki ɗauki hanyar Sakkwato, ki wuce Bunguɗu, ki wuce Maru, sai Talata Mafara. Ki daidaita tafiyarki ta faɗo ranar Talata, ranar da garin ke cin kasuwa. Tun kafin ki shiga za ki ga alama: motoci sun yi lodin albasa da dankali da buhunan shinkafa har sun karkace, jakuna da amalanke da babura kowa na neman hanya. Mafara gari ne mai harka. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha, ga 'yan kasuwa daga Sakkwato da Kabi har da Nijar. Galibin ɗanyen kayan da za ki gani da rani ruwan dam ne ya shayar da su.

Ba sai kin tambayi inda masu kifi suke ba, hancinki zai kai ki. Da farko za ki riski masu banda, sun tara shi a kwanduna da kwalaye, tarwaɗa an naɗe ta kai da wutsiya an soke da tsinke, ta yi baƙi tana ƙyalli. Gaba kaɗan ga masu ɗanye, da manyan bahuna, tarwaɗa na juyi a ciki, karfasa an jera ta a kan buhu ana yayyafa mata ruwa, kurungu a gefe yana ta gurnani. Mai kifi zai ɗago miki guda ta wuya ya ce, “Hajiya, wanga yanzu yah hito ruwa.” Kowa haka yake cewa, har wanda nasa ya kwana. Ke dai ki buɗe kumatun kifin ki duba. Idan ciki ja ne jawur, idon yana sheƙi bai dushe ba, kika danna naman ya dawo bai bar rami ba, to gaskiya ya faɗa.

Daga nan sai wurin mai suya, kuma a nan ne za ki ga abin da ya yi kama da wancan akwatin gilashi na Legas, sai dai namu ba a biyan kuɗin kallo. Kin nuna kifinki da ransa, an yi ciniki, an ba yaro ya gyara a gabanki. Tarwaɗa sai an goge mata yauƙi da toka ko gishiri da ruwan zafi kafin a yanka ta gunduwa-gunduwa. Karfasa kuwa a kankare ɓamɓaroki, a tsattsaga gefenta, a shafa gishiri da ɗan yaji a cikin tsagar. Kaskon ƙarfe ne babba a kan murhun itace. Ki leƙa man kafin a jefa miki. Idan ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa, man jiya ne da na shekaranjiya, ki matsa gaba, ba wanda zai riƙe ki. Idan kuwa garau yake, ki tsaya ki ji ƙarar da karfasa ke yi lokacin da ta faɗa ciki.

Ba faranti mai zane, ba cokali mai yatsu. A takarda za a zubo miki, ko a ɗan faranti na silba, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir a kai. Akwai benci a ƙarƙashin rumfar zana, da buta da sabulu idan kin yi dace. Ki fara da bayan karfasa, inda fatar ta soyu tana ƙaras-ƙaras, ki bi a hankali har ki iso ciki inda naman ke da maiƙo. Ƙegen ma ana ci idan ya soyu sosai. Ki nemi hoce ki haɗa da shi, wannan waina ta dawa da Zamfarawa ba sa tafiya sai da ita, mai ɗan tsami, wadda baƙo ke yatsina fuska a cizon farko ya nemi ƙari a na uku. Tsamin hoce da maiƙon kifi da zafin yaji, sannan a kora da fura mai sanyi. Ni dai a ganina soyayyar karfasa ta fi tarwaɗa, tarwaɗa a farfesu take nuna kanta, da citta da kanumfari da masoro da ɗan daddawa. Na san matan Bakura ba za su yarda ba, su tarwaɗa ko a yaya ta zo ba su da ta biyu.

Wani abu da za ki lura da shi a kan bencin nan: kusan duk maza ne. Direbobi, 'yan kasuwa, ɗalibai. A yankin nan mace ba ta saba zama a kasuwa ta ci abinci ba. Nata fita cin daɗi shi ne ƙunshin da maigida zai shigo da shi bayan isha'i, ya riga ya huce, takardar ta shanye man. Idan kina son ki ci da zafinsa ba tare da an zuba miki ido ba, ki tafi da maigida ko ƙaninki, a karɓo, ku ci a mota, ko ku sauka gidan 'yan'uwa. Akwai kuma matan da ke suya a cikin gida suna ba yara talla, kuma sau da yawa nasu ya fi tsabta da ɗanɗano. Ki tambayi matan unguwa, za su nuna miki ƙofar.

Idan hanya ta yi kyau, kuma mutanen gari suka ce babu komai, ki roƙa a kai ki ki ga ruwan da kansa. Gani ya kori ji. Bayan dogon fili na ƙaya da sabara da jar ƙasa, sai kawai ki ga ruwa ya shimfiɗe har inda ido ya gaji. An tare Gulbin Sakkwato ne, wanda ya taso daga wajejen Funtuwa, ya ratsa Gusau, kafin ya je ya haɗu da Rima ya gangara Argungu. Bangon dam ɗin ya kai tsawon kilomita 5 da rabi, tsayinsa mita 48, an gina shi don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkin kuma ya mamaye kimanin hekta 8,000. Da sassafe za ki hangi masunta a kwalekwale suna janye kalli da suka shimfiɗa tun daren jiya, wasu suna duba ƙugiyoyi, belbelu na bin su a baya. Ki nemi izinin masu gadi kafin ki ɗaga waya.

Kada ki yi wa dattijon yankin santin wannan ruwa da yawa, domin ba kowa ke kallonsa da irin idonki ba. An fara aikin a 1974, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi shi, aka kammala a 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi mutum wajen 13,000. Waɗanda ke ƙasan dam kuma aka hana su noma shekara da shekaru ana baje musu gonaki ana haƙa magudanai, diyya ba ta zo yadda aka yi alkawari ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Shehu Kangiwa na gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne suka mutu. Akwai tsofaffin da suka ga ranar da idonsu, suna nan da rai.

Kifin ma bai tsira ba. Kafin dam, duk damina gulbi kan yi ambaliya ya mamaye fadama, daga wajejen Bakura har can ƙasa. A cikin wannan ruwa marar zurfi, tsakanin ciyawa, tarwaɗa da 'yan'uwanta ke zuba ƙwai, 'ya'yan su girma, idan ruwa ya janye su maƙale a tafkuna da kududdufai. A lokacin kowane gida masunci ne. Mata da yara ma da ƙwarya da kwando suke kamawa, ba a sayen kifin miya. Da aka tare gulbin, ambaliyar ta ragu. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi garuruwan ƙasan dam ya wallafa bincikensa a 1985, ya nuna yadda kamun kifi ya faɗi, manoman fadama da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, wasu masunta suka koma tafiya nesa neman ruwa. Kifin da ke zuwa ƙofar gida kyauta ya koma cikin tafki mai zurfi, inda sai mai kwalekwale da kalli zai iya kai masa. Kin ga kenan hanyar da lobsta ya bi ita ce tarwaɗarmu ta kama: abincin talaka ya zama abin saye. Ban ce dam bai amfani kowa ba. Dubban iyalai na noman rani da shi, shinkafar da ake casa a Mafara da Bakura shaida ce, kuma a shekarun baya-bayan nan an yi aikin gyaran magudanan da tallafin Bankin Duniya. Sai dai wanda ya samu fegin shinkafa ba lalle shi ne ya rasa gonar kakansa da kifin fadamarsa ba.

Yanzu kuma wani abu ya zo ya ƙara nisa tsakanin mutane da ruwansu. Kaya gari ne a ƙaramar hukumar Maradun, garin manoma, wanda a da ba kowa ya san sunansa a wajen jihar ba. Ranar 1 ga Satumba, 2021, duniya ta ji shi, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo da rana tsaka suka tafi da ɗalibai 73. Makonni biyu kafin nan an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. A watan Fabrairun shekarar kuma an kwashi 'yan mata 279 a Jangebe, ƙaramar hukumar Talata Mafara. Bayan na Kaya ne aka rufe makarantu, aka datse layukan waya a duk jihar, kasuwannin mako ma a rufe suke. Ɗaliban sun dawo gida, alhamdu lillahi, amma garuruwan ba su koma yadda suke ba.

Ki tuna su da dare ake yinsa, ko da asuba. Masunci kan shimfiɗa kalli da yamma ya dawo kafin gari ya waye, sau da yawa a gefen ruwan da ke nesa da gari, kusa da daji. Mai saro kifi kuma da duku-duku yake hawa babur don ya iso kasuwa kafin rana ta lalata kayansa. Waɗannan su ne sa'o'in da yanzu kowa ke gudu. Duk kifin da kika gani a bahon nan na Mafara, wani ya sayar da ransa kafin ya sayar da shi. Shi ya sa ni ba na matsa wa mai kifi a ciniki yadda nake matsa wa mai atamfa. Shi ya sa kuma a Kaya da ƙauyukan da ke kewaye, cin kifi ya zama abin hantsi da azahar. Hirar dare a gaban mai suya, da fitilar aci-bal-bal da rediyo, ta ja baya ƙwarai. Idan kina da dangi a can, kada ki yi musu zuwan ba-zata. Ki kira tukuna, abin da suka ce game da hanya shi za ki bi, ko da kin riga kin ɗaura ɗankwali.

Manyan kifin ba sa zama a yankin. Dillalai na jiran su, a zuba a ƙanƙara ko a yi banda, a yi Gusau da Sakkwato da su, har gaba. Abin da ke saura wa gida shi ne ƙanana, ko kuma kifin ƙanƙara na teku, irin su titus da sardin, wanda jirgi ya kawo daga Turai, tirela ta hauro da shi daga Legas. Ki yi tunanin wannan: mace tana jin ƙamshin ruwan dam daga ɗakinta, miyarta kuma da kifin da aka kamo a wani tekun da ba ta taɓa jin sunansa ba, in ma ta samu.

A nan ne aikina ke shigowa. A ɗakin yara, mafi yawan waɗanda ake kawo mana da tamowa ba su wuce shekara biyu ba. Ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ba ya ko kuka sosai. Idan na tambayi uwa me yake ci, amsar kusan ɗaya ce: kunu, sai ɗan tuwo da miya. Kifi fa? Sai ta ce ai idan an samu na maigida ne, yara romo ake zuba musu, kuma ana tsoron ƙaya. Wata ma cewa take idan yaro ya saba da nama da kifi zai yi kwaɗayi ya koyi sata. Wallahi wannan magana ta kwantar da yara da yawa a gadon asibiti. Maigida ya gama girma. Wanda ƙwaƙwalwarsa da ƙashinsa ke ginuwa yanzu shi ne na goye, sai mai ciki, sai mai shayarwa. Daga wata 6 yaro zai iya cin kifi, a dafa shi ya yi laushi, a bi shi da yatsa a cire ƙaya tsaf, a murje a cikin fate ko kunu mai kauri.

Kuma ƙananan kifin nan da ake rainawa, irin su rajiya, da ake sayarwa a gwangwani, sun fi ƙarfin raini. Da yake ana cinye su gaba ɗaya, da kai da ƙashi, suna ba da sinadarin gina ƙashi da na ƙarin jini fiye da tsokar babban kifi. Ki saya, ki tsince, ki ɗan gasa su a busasshen kasko, ki daka su lilis, ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya a abincin yaro kullum. Idan za ki sayi banda ki shinshina, ki karya guda ki duba ciki. Wasu na fesa fiya-fiya don korar ƙwari, abin da hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kai. Bandar da ke warin magani, ko wadda aka baje a rana ƙuda ko ɗaya bai kusance ta ba alhali na maƙwabcinsa ya cika da su, ki bar masa kayansa.

Idan ƙaya ta maƙale wa yaro, kada a danna masa lomar tuwo ko burodi don ta wuce, kada kuma a zura yatsa ana lalube. Hakan kan ƙara cusa ta. Idan yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, ko numfashi ya canja, a tafi asibiti a lokacin. Kurungu ma ki yi hattara da shi tun yana ɗanye, ƙayoyinsa uku masu tauri ne, sukarsu na da raɗaɗi, kada ki bar yaro ya sa hannu a baho. Sannan duk wanda kika ga yana borin jini, leɓe ko ido na kumbura bayan ya ci miyar da aka sa kirifish, to ki sani lobsta da ƙaguwa da jatan lande duk ba nasa ba ne, komai tsadar wurin da aka gayyace shi. Irin wannan kan iya toshe numfashi cikin mintoci.

Na ƙarshe shi ne ruwan kansa. Yara za su ga na garin suna tsalle a magudanar ruwa, su ce sai sun shiga. Kada ki bari. A irin wannan ruwa mai kwanciya akwai ƙananan dodon koɗi da ke sakin ƙwayar tsargiya, ta huda fata ta shiga jiki ba a ji ba, bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar wannan alamar balagar ɗa namiji. Cuta ce, tana kama mata ma, tana kuma lalata mafitsara idan ta daɗe. Maganinta ƙwaya ce da ake bayarwa a asibiti gwargwadon tsayi ko nauyin yaro. Cin dafaffen kifi ba ya kawo ta, shiga ruwan ne ke kawowa.

Da kin ji kiran azahar ki fara haramar komawa, don la'asar ta riske ki a gida ko kusa da shi. Direbobin hanyar ma ba sa son wuce haka, za ki ji ɗan kamasho na cewa, “Ku shigo mu tahi, rana ta yi.” Tsarabar banda a takarda ko kwali za ki sa a naɗe miki, kada a ƙulle ta a leda, zufa za ta yi ta fara fumfuna kafin kwana biyu. Idan kin isa ki baje ta a rana ko ki ɗora a bayan murhu ta ƙara shan hayaƙi. Soyayyen kuwa a ci shi a ranar. Ki ware wa na goye tsokar bayan karfasa tun kafin a kai wa maigida nasa.